Motsi ya fi laɓewa: ciwon gwiwa da zubewar tsoka a jikin iyayenmu

Yau maganar iyayenmu tsofaffi za mu yi, waɗanda ciwon gwiwa ko na ƙugu ya zaunar. Maganar ta shafe mu ta hanya biyu: mu ne masu kula da su, kuma hanyar da suka bi ita muke bi.

Kusan kowane gida akwai irin wannan uwa, ko Inna ce, ko Gwaggo, ko uwar miji. Bara da ƙafarta take zuwa kasuwa da gidan suna. Bana sai ta dafa ƙasa, ta dafa bango, sannan ta miƙe. Cinya ta zube, zanen da ke zama mata daidai ya yi mata yawa, hannu ba ya iya murɗa marfin kwalba, salla ma ta koma daga zaune. In aka tambaya sai a ce, ai tsufa ne. Gaskiya tsufa na ciki. Amma akwai abin da ke gaggauta shi, kuma wannan abin yana hannunmu.

Ciwo biyu ne suka haɗu

Na farko shi ne amosanin gaɓɓai, wanda wasunmu ke kira sanyin ƙashi. A bakin kowane ƙashi, inda ya haɗu da ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gugar juna. Shekaru, da nauyin jiki, da tsohon rauni, da aikin da ke danne gaɓa kullum, suna sa guringuntsin nan ya lalace. Daga nan sai ciwo, da ƙagewa in an daɗe a zaune, wani lokaci da kumburi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 528 ne ke da wannan ciwo a duniya. Kashi 60 cikin 100 mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa.

Na biyu shi ne zubewar tsoka. Daga wajen shekara 30 tsokar mutum ke fara raguwa a hankali, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma bayan shekara 60 abin yana ƙara sauri. In raguwar ta kai inda ƙarfi ya gaza, likitoci na kiranta sarkofeniya. Wani likita a Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya raɗa mata wannan suna a 1989, daga kalmomin Girka biyu masu ma'anar ƙarancin nama.

Ga yadda biyun ke taimakon juna. Babbar tsokar da ke gaban cinya ita ke riƙe gwiwa, ita ke tare nauyi duk lokacin da ƙafa ta taka ƙasa. In gwiwa ta kumbura tana ciwo, jiki da kansa yakan hana wannan tsoka ɗaurewa da dukkan ƙarfinta. Ga shi kuma mai ciwon ta rage tafiya don tsoron zafi. Tsokar da ba a aiki da ita zubewa take yi. Da ta zube, nauyin da take tarewa sai ya koma kan gaɓar da dama ta gaji. Ciwo ya ƙaru, zama ya ƙaru, tsoka ta ƙara tafiya. Haka abin ke zagayawa har tsohuwa ta kasa zuwa makewayi sai an riƙe ta.

Kada kuma a ce ramammu kaɗai abin ke samu. Mace tana iya zama mai jiki, kitse ya rufe ƙafa, alhali tsokar da ke ciki ta tafi. Irin wannan ta fi wahala, don ga nauyi mai yawa, ga ƙarancin abin ɗaukarsa.

Hutun da ke cin jiki

A gidajenmu, girmama tsohuwa shi ne a ɗauke mata komai. "Inna, zauna, bari yara su kawo." "Gwaggo, aje tsintsiyar nan, me mutane za su ce?" Suruka kuwa tana tsoron a ce ta bar uwar miji tana aiki. Niyyar mai kyau ce, kuma akwai ayyukan da lalle ya kamata a ɗauke. Sai dai jikin tsoho ba ya jure zama yadda na yaro ke jurewa.

A 2007 an yi wani gwaji a Amurka. An kwantar da tsofaffi masu lafiya, shekarunsu wajen 67, kwana goma a gado, ana ba su abincinsu daidai. Da suka tashi aka auna, sai aka ga kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu ya tafi. Kwana goma kacal, kuma masu lafiya. To mu auna tsohuwar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar mako biyu, ba ta cin komai sai ruwan kunu, bayan ta warke kuma aka ce ta ci gaba da hutawa.

Labarin daɗi shi ne tsoka ba ta san ta tsufa ba. A 1990, a wani gidan kula da tsofaffi da ke Boston a can Amurka, an sa mutum goma masu shekaru wajen 90 suna ɗaga nauyi da ƙafa, sau uku a mako. Tara suka kai ƙarshen mako takwas, kuma ƙarfin cinyarsu ya ƙaru fiye da ninki biyu. Guringuntsin da ya lalace ba ya komawa sabo. Amma tsokar da ke kewaye da shi tana dawowa, kuma in ta dawo ciwon kan yi sauƙi. Shi ya sa motsa jiki yake sahun gaba a maganin amosanin gwiwa, kafin a zo maganar ƙwaya ko allura.

Gwajin kujera

Akwai gwajin da za mu iya yi a tsakar gida. A samo kujera mai ƙwari, tsayinta daidai gwiwa, ban da ƴar tsugunno. A jingina ta da bango don kar ta zame. Tsohuwa ta zauna, ta naɗe hannuwa a ƙirji, ta miƙe tsaye sosai ta koma ta zauna, sau biyar a jere. Wata ta tsaya kusa da ita, wata ta duba agogon waya. In ta wuce sakan 15, ko ta kasa tashi sai da dafawa, ƙarfin ƙafa ya ragu. A rubuta abin da aka samu, a sake gwadawa bayan wata biyu. Ganin lambar tana sauka yana ƙarfafa gwiwar mai yi fiye da duk wani lallashi.

In akwai tela a gidan, a ari metir ɗinta a auna sha-raɓa, wato tsokar bayan ƙwauri, a inda ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 alama ce ta tsoka ta yi ƙaranci. Amma in ƙafa a kumbure take, awon ba zai faɗi gaskiya ba.

Motsin da ya dace

Ba a buƙatar injin ko kuɗi. Kafin a fara, a ɗora tsumma mai ɗumi a gwiwa na ɗan lokaci, yana sassauta ƙagewa.

Na ɗaya, tashi-zauna. Shi ne dai gwajin nan, amma a hankali. Wadda ba ta iya tashi sai da hannu ta dafa, ko a ƙara wa kujerar tsayi da matashi. A fara da biyar, a riƙa ƙarawa har goma, a huta, a sake. Saukar ma aiki ce: kar ta faɗa kan kujera, ta sauka sannu.

Na biyu, miƙe ƙafa daga zaune. Ta ɗaga ƙafa ɗaya har gwiwa ta miƙe, ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali. Sau goma kowace ƙafa. In abin ya zama da sauƙi, a ɗinka ƴar jaka a zuba yashi kamar rabin kilo, a ɗaura a idon sawu.

Na uku, na wadda ke kwance. A naɗe zane a sa ƙarƙashin gwiwa, ta danna shi ƙasa har ta ji cinya ta ɗaure, ta ƙirga biyar, ta saki. Wannan ko mara lafiya tana iya yinsa a shimfiɗarta, kuma shi ke rage asarar kwanakin jinya.

Na huɗu, ɗage. Ta dafa bango da hannu biyu, ta tashi kan yatsun ƙafa, ta sauko. Yana taimakon tsayuwa, yana rage tangaɗi.

Na hannu kuwa, matse jiƙaƙƙen tsumma da ɗaga buta cike da ruwa sun isa a fara da su.

OMS ta ce tsofaffi su yi irin wannan aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, su kuma samu motsi irin na tafiya minti 150 ko fiye a mako. Wadda ta daɗe a zaune ba za ta fara daga nan ba. Minti biyar da sanyin safiya, daga ɗaki zuwa ƙofar gida, ya isa a makon farko. Sannu ba ta hana zuwa. In da sanda take tafiya, ta riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, wato in gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu. Da yawa suna riƙewa a gefen ciwon, kuma hakan ba ya rage wa gaɓar nauyi yadda ya kamata.

Tambayar da kowa zai yi ita ce, in ta ji zafi fa? Ɗan ciwo lokacin motsi ko bayansa ba ya nufin gaɓa tana ƙara lalacewa. Ma'aunin shi ne washegari. In ta wayi gari ciwon ya koma yadda yake a da, a ci gaba. In ya fi na da, ko gwiwa ta kumbura, a rage yawan, a ba ta kwana ɗaya ko biyu, sannan a koma. Ragewa ake yi, ba a dainawa. Amma zafi mai suka kamar wuƙa, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, nan a tsaya a nemi likita.

Sai ayyukan gida. Tulun ruwa a ka, damin itace, dogon daka, doguwar tsugunno wajen wanki ko murhu, waɗannan a ɗauke mata. Amma a bar mata zuwa gaida maƙwabta, ba awaki dusa, shanya, tankaɗe, rakiyar jika zuwa makarantar allo, ɗauko butarta da kanta. A sa wa tsintsiya dogon icce don kar ta duƙa. A ɗaga mata wurin zama da wurin kwana, don tashi daga tabarma ya fi komai wuya ga mai ciwon gwiwa. A share hanyar makewayi daga igiya da turmi da kwanuka, a aje mata fitila kusa da shimfiɗa.

Abin da ke cikin kwanonta

Motsi ba ya gina tsoka in babu abin ginin. Abin ginin shi ne furotin, sinadarin da ke cikin wake, nono, ƙwai, kifi, nama da gujiya ko gyaɗa, yadda kowa ke kiranta. Jikin tsoho ba ya cin moriyar furotin kamar na matashi, don haka buƙatarsa ta fi yawa. Masana abincin tsofaffi sun ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Tsohuwa mai kilo 50 tana buƙatar giram 50 zuwa 60. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Rabin litar madara yana da wajen 16. Busasshen wake kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, gujiya ma haka, ƙuli-ƙuli ya fi su tunda an matse mai.

Yanzu mu duba abin da tsohuwa mara haƙora ke ci a yini: kunu da safe, farau-farau da rana, ɗan tuwo da miya da dare. Ciki ya cika, tsoka ba ta samu komai ba. In ma an sa mata tsokar nama ɗaya a kwano, jikoki suna zagaye da ita, kuma mun san inda naman zai ƙare. Ba za mu hana kaka son jikanta ba. Dabarar ita ce a sa furotin a inda ba a iya tsamo shi a miƙa wa yaro.

A daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi a zuba mata a kunu, ko a dama kunun gujiya. A dama fura da nono mai kauri, kar a tsinka ta da ruwa. A fasa ƙwai a cikin miyarta tana kan wuta. A daka busasshen kifi ya zama gari a riƙa barbaɗawa. Faten wake, alala, ƙosai da awara duk masu laushi ne, baki mara haƙori yana iya su. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ma yana da kyau in an dafa ganyen ya yi laushi. Ƙasarmu tana cikin waɗanda suka fi noman wake a duniya, bai kamata iyayenmu su rasa shi a kwano ba. Gidan da ke da jar akuya ko kaji, a ware wa tsohuwa kofin madararta da ƙwanta kafin a kai saura kasuwa, madarar kuma a tafasa ta. Kuma a raba abin a ci uku na yini, ya fi a tara shi duka a tuwon dare.

Gargaɗi ɗaya: wadda likita ya ce tana da ciwon ƙoda, kar a ƙara mata furotin sai da shawararsa. Mai jiki kuma da ke son rage nauyi don gwiwa, ta rage sukari da soye-soye, ta bar wake da nono a wurinsu. Rage nauyi yana taimakon gwiwa ƙwarai, amma yunwa har tsoka take ci.

Ƙwayoyin bakin hanya

Nan ne ake ɓarna mai yawa ba a sani ba. Mai talla ya zo da ƙwayoyi kala-kala a leda, ya ce na sanyin ƙashi ne, tsohuwa ta sha ta ji garau. A cikin irin wannan haɗi akan samu dexamethasone ko prednisolone. Suna kwantar da kumburi nan take, amma in aka daɗe ana sha, tsokar cinya da ta ƙugu suke narkarwa, su raunana ƙashi, su ta da sukari da hawan jini. Fuska ta yi tumbur, ƙafa ta sirance, mutane su ce ta yi kyau. Wasu ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe ma suna ɗauke da irinsu. Wadda ta yi makonni tana shan su kar ta yanke rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne. A kai ta CSI tare da ledar maganin, likita ya tsara yadda za a rage.

Diclofenac da ibuprofen suna rage ciwo, amma shan su kullum yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini. Na shafawa ya fi na sha sauƙin haɗari a ciwon gwiwa. Tramol kuwa yana sa jiri da faɗuwa, jiki kuma yana sabawa da shi. Amfanin maganin ciwo shi ne ya ba mutum damar motsi, kuma likita ne zai zaɓa.

Lokacin da ba a jira

A tafi asibiti ba tare da jinkiri ba in gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko in tsohuwa ta faɗi ta kasa taka ƙafa. A tafi kuma in rama tana sauri ba dalili, ko da tari na makonni, ko yawan ƙishirwa da fitsari, don tarin fuka da ciwon sukari ma suna cin tsoka. Haka in yatsun hannu biyu suna kumbura, ƙagewar safe tana kai awa ɗaya ko fiye. Wannan wani amosanin ne dabam, wanda garkuwar jiki ke faɗa wa gaɓɓai, yana kama har masu ƙananan shekaru, kuma yana da nasa magani da ya kamata a fara da wuri.

Mu da ƙungiyoyinmu

Duk wadda ta yi jinyar tsohuwar da ta karye a ƙugu ta san abin da ke biyo baya. Sana'a ta tsaya, zubin mako ya gagara, jari ya tafi kuɗin mota da magani, ɗiya ta bar makaranta don ta zauna da kaka. Ƙarfin cinyar Inna yana cikin abubuwan da ke tsare jarin gida.

Ga abin da za mu iya farawa da shi a taron wannan mako. A kawo kujera ɗaya mai ƙwari. Kafin a buɗe akwati, kowa ta yi gwajin tashi biyar, sakatariya ta rubuta a bayan littafi. Bayan haka, tashi-zauna goma a farkon kowane taro. Za a yi dariya, ba laifi. Manyanmu da suka daina zuwa saboda ƙafa, a tura wata ta rako su a hankali, a tanadar musu wurin zama mai tsayi, kar a ce su aiko da zubinsu kawai. Masu awara da ƙosai da nono a cikinmu sun san gidajen da tsohuwa ke zaune ita kaɗai. Ƙungiyar da ke da asusun taimako tana iya tattauna ko zai ɗauki kuɗin kai irin wannan uwa CSI.

Mu kuma da ke tsakanin shekara 40 da 50, musamman waɗanda al'ada ta fara ɗaukewa, yanzu ne lokacin zubi. Tsoka ma asusu ce, abin da muka tara yau shi za mu ɗiba ranar da ciwo ya kwantar da mu. Wadda sana'arta ta zama ce, bakin tebur ko keken ɗinki, ta riƙa miƙewa tana ɗan zagayawa, kar ta yini wuri ɗaya.

Ku gwada kujerar nan da iyayenku, ku aiko mana da abin da kuka gani ta hannun shugabannin ƙungiyoyinku. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu tsufa mai ƙarfin ƙafa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.